Baƙonka Annabinka: Haƙƙin 'Ya'yan Baƙi a Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yalwata ta ga bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya bar garin haihuwarsa ya yi hijira, da alayensa, da sahabbansa Muhajirai da Ansaru, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Mu mutanen Kano ba a yi mana gorin kyauta. Da wuya almajiri ya yi sallama a ƙofar gida uku a jere bai samu abin sawa a baka ba, kuma in azumi ya kama, kunu da ƙosai har sai sun yi kwantai a ƙofar masallatai. To amma akwai wani nau'in taimako da na lura yana ƙaranci a tsakaninmu, wanda kwanon tuwo ba ya maye gurbinsa, wato mutum ya tsaya wa baƙo. Ya san sunansa, ya san inda yake kwana, ya nuna masa hanyar asibiti da ta makaranta, in an tambaya waye ya san wannan mutumin ya ce ni ne. Wanda ya fi kowa shan wahalar rashin wannan taimako kuwa shi ne ƙaramin yaron da aka goyo aka shigo da shi garin, ko aka haife shi a kangon da iyayensa suka raɓe. A kan wannan yaro nake son mu yi tunani tare a yau.

Fagge da Sabon Gari zangon baƙi ne tun asali

Ni ɗan Fagge ne, a nan aka haife ni, a nan kuma nake koyarwa a wata makarantar Islamiyya da yamma. Duk wanda ya san tarihin wannan unguwa ya san cewa baƙunci ne ya kafa ta. Masana tarihi suna danganta kafuwarta da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma tsawon ƙarnoni a nan bayan ganuwa ayarin Buzaye da sauran fatake masu ƙetaro Sahara suke sauke raƙumansu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai Turawa suka keɓe Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da ƙasashen gaɓar teku. 'Yan Siriya da Labanan, waɗanda iyayenmu ke kira Kwarori, su ma suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu, inda a yau Kantin Kwari yake. Kuma har yanzu Fagge da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce.

Baƙin ba su daina zuwa ba, dalilin zuwan ne yake sauyawa. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da dabbobin makiyaya a Nijar, Buzaye da yawa suka gangaro Kano da iyalansu suka kama aikin gadi. Aka sake yin wani farin a 1984, sannan yunwar 2005 ta koro mutane daga yankunan Maradi da Damagaram. Daga 2009 rikicin Boko Haram ya soma, ya kai tsananinsa a 2014 lokacin da garuruwa irin su Gwoza da Bama suka faɗa hannun mayaƙan, mutane sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Bayan su kuma sai ga mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa. Mafi yawan waɗanda suka iso Kano ba a sansani suka zauna ba. Sun bazu ne cikin unguwanni, a soraye da kangwaye da ɗakunan haya, a Kwaciri da Rijiyar Lemo da bayan kasuwanni, inda babu wata hukuma da ta rubuta sunayensu.

A da can akwai tsarin da yake karɓar baƙo. Falke in ya iso gari yana da mai masauki, wanda ake kira fatoma ko maigida. Shi ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, in rigima ta taso ya tsaya masa a gaban alƙali. Da irin wannan tsari ne Hausawa suka zauna a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Baƙon yau kuwa ba da raƙuma da gishiri yake zuwa ba, da mata da yara da ƙullin tsummokara yake isowa, don haka babu mai rububin saukar da shi.

Abin da nake gani a bakin aji

Malamin Islamiyya yana ganin abin da mai wucewa a mota ba ya gani. Kusan kowace shekara akwai yaran da suke tsayawa a bakin taga lokacin da muke biya karatu. Ba sa shigowa, ba sa tafiya. In ka kira su sai su ruga. Da ka bincika sai ka tarar 'ya'yan mai gadin wani sito ne, ko 'ya'yan matar da take wankau a layin baya. Wasu da Buzanci suke magana a gida, wasu da Barbarci, wasu da Zabarmanci ko Larabcin Shuwa, wasu kuma da yarukan duwatsun Gwoza. Abin da ya hana su shigowa bai taka kara ya karya ba: kuɗin wata, da hijabi ko riga mai launin makaranta, da kuma tambayar da ake yi ranar ɗaukar ɗalibai, wato ina waliyyin yaro, ina adireshinsa. Mutumin da yake kwana a kangon da ba nasa ba, wane adireshi zai bayar?

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. Daga wani ƙauye na yankin Tawa suka zo ita da mijinta da yara uku, mijin yana gadi a wani gini da ba a ƙarasa ba. Matan ajinmu na matan aure ne suka fara jin labarinta, kuma ranar da suka ji shi ita ce ranar da aka fito da gawar ƙaramin ɗanta, wanda ƙyanda ta kwantar. Da suka je gaisuwa suka tambaye ta me ya hana ta kai shi asibiti, alhali tsakaninta da asibitin tafiyar ƙafa ce. Ta ce ba ta san hanya ba, Hausarta ba ta da yawa, kuma an gaya mata cewa duk wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, in ya je kama shi za a yi a mayar da shi. Babu wanda zai kama ta. Allurar riga-kafin yara kyauta ce, kuma ba a tambayar uwa fasfo kafin a yi wa ɗanta. Amma babu wanda ya taɓa zama ya gaya mata haka. Abinci kam tana samu, domin maƙwabta suna aika mata da kwano kusan kullum, sai dai ko mutum ɗaya a cikin masu aiken bai san sunan yaron ba sai ranar jana'izarsa. Mutuwa da rayuwa a hannun Allah suke, wannan babu ja. Amma shi Allah ɗin ne Ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma zai tambaye mu game da maƙwabci.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Babba zai iya jure wannan makanta na shekara ɗaya ko biyu har ya gane gari. Yaro ba shi da wannan lokacin. Alluran riga-kafi suna da watanninsu. Tamowa in ta kama yaro a shekarunsa biyu na farko tana iya barin masa tabo a jiki da ƙwaƙwalwa har girmansa. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta fi yin ɓarna ne a cikin yaran da ba su samu cikakken riga-kafi ba. Haka nan yaron da ya kai shekara goma bai taɓa zama a aji ba, da wuya ya yarda ya zauna tare da 'yan shekara shida.

Yadda magabata suka karɓi masu hijira

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikinsu, har malamai suka ce ana ba shi ko da mawadaci ne a garinsu. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa da matafiyi a jeri ɗaya da kyautata wa iyaye. Aya ta 9 a Suratul Hashri kuwa yabo ce ga Ansaru saboda son da suka yi wa waɗanda suka yi hijira zuwa gare su.

To amma mu dubi yadda Manzon Allah (SAW) ya tsara abin a aikace. Da Muhajirai suka isa Madina, sai ya ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansaru mutum da mutum, kowane baƙo da nasa ɗan garin da aka ambata da suna. Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu (RA) tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ka lura da wannan, ya ɗan uwa mai karatu. Abin da baƙon ya fi buƙata shi ne wanda ya san gari ya nuna masa hanya, kuma da aka nuna masa sai ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

Yara ma ba a manta da su ba. Asma'u 'yar Abubakar (RA) da tsohon ciki ta yi hijira, ta haihu a Ƙuba, aka kawo jaririn, Abdullahi ɗan Zubairu, Manzon Allah (SAW) ya tauna dabino ya sa masa a baki, Musulmi suka yi murna da shi. Ummu Khalid kuwa a Habasha aka haife ta lokacin da iyayenta suke gudun hijira. Da aka kawo ta Madina tana ƙarama, Annabi (SAW) ya sa mata wata riga mai ado da hannunsa, sannan ya yaba mata rigar da kalmar harshen Habasha, harshen ƙasar da ta taso. Duk lokacin da na tuna wannan ruwaya ta Bukhari, sai in tuna yadda yaranmu suke yi wa ɗan baƙo dariya in ya karya Hausa, manya suna ji ba sa tsawatawa.

Sai kuma labarin Sayyidina Umar (RA) da Ibn Sa'ad ya kawo. Wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu. Cikin dare ya riƙa jin kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana har sau uku. Daga ƙarshe ta gaya masa, ba tare da ta san ko waye ba, cewa yaye shi take son yi da wuri, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye yara, duk abin da aka haifa yana da kasonsa tun daga ranar haihuwa. Kukan ɗan baƙo guda ɗaya ya sa aka sauya dokar daula, saboda shugaban ya je inda baƙin suke kwana ya ji da kunnensa.

Mu ma an taɓa saukar da mu

Wanda yake ganin baƙunci ciwon wasu ne, ya waiwayi tarihinmu. A 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu da jama'arsa, cikinsu har da 'yarsa Nana Asma'u tana 'yar kimanin shekara goma. Bayan yaƙin Burmi a 1903, dubban mutanenmu suka nausa gabas, jikokinsu suna nan a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kori baƙi, Hausawa da Yarbawa da yawa suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Nijeriya ba. A farkon 1983 mu ma muka yi wa wasu irin wannan korar. Daga 2019 kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maradi, ƙauyukan Nijar suka raba musu ɗan abin da suke da shi.

In muka leƙa nesa, 'yan uwanmu na Afganistan izina ne. Tun shigar sojojin Tarayyar Sobiyet ƙasarsu a ƙarshen 1979, miliyoyinsu suka yi hijira zuwa Pakistan da Iran. Da Pakistan ta fara korar marasa takardu a ƙarshen 2023, da yawa daga waɗanda aka tasa ƙeyarsu a can aka haife su, har sun haifi nasu 'ya'yan. Yaron da aka bari ba rajista, ba makaranta, ba wanda ya tsaya masa, zai iya yin furfura a gari ana kiransa baƙo.

Darasi daga maƙwabtanmu na Sabon Gari

Lokacin da nake jami'a na yi abokai a Sabon Gari, kuma abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne littafi. Kusan kowane gari na ƙasar Ibo da yake da mutane a Kano yana da ƙungiyarsa, da ranar taronta, da kuɗin da kowa yake biya, da littafin da aka rubuta sunan kowa. Sabon zuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In matarsa ta haihu za a zo, in ya rasu za a haɗa kuɗin kai gawarsa gida. Yarbawa ma haka suke, kuma Musulminsu sun daɗe suna gina masallatai da makarantu ta hanyar ƙungiyoyi irin su Ansar-ud-Deen, wadda aka kafa a Legas a 1923. Mu muna da yawan kyauta, su kuwa suna da tsari, kuma hikima kayan mumini ce duk inda ya tsince ta.

A nan ya kamata in faɗi wata magana a fili. Cikin waɗanda rikici ya koro daga kudancin Borno da Adamawa akwai Kiristoci, kuma 'ya'yansu ma yunwa da ƙyanda ba sa tambayar addininsu. Zakka tana da nata hukunce-hukuncen, amma sadakar ganin dama da haƙƙin maƙwabtaka sun game kowa. Abdullahi ɗan Amru (RA) in an yanka akuya a gidansa yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Kuma sahabban da suka yi hijira ta farko, a wurin Najjashi, sarki Kirista, suka samu mafaka.

Batun tsoro

Na san abin da wani zai ce: Malam, zamani ya lalace, ta yaya zan jawo wanda ban sani ba? Wannan tsoro yana da dalili, domin Kano ta ga abin da ta gani a ranar 20 ga Janairun 2012 da kuma harin Babban Masallacin Juma'a a Nuwamban 2014. To amma mu yi wa kanmu adalci. Wanne ya fi haɗari ga unguwa, iyalin da mai unguwa ya san da zamansu, limami ya san maigidan, 'ya'yansu suna aji ɗaya da namu, ko kuwa iyalin da suke kwana a kango shekara biyar babu wanda ya san sunansu? Tsarin fatoma na da, maganin wannan tsoron ne, domin baƙon da yake da mai tsaya masa sananne ne. Shi kuwa yaron da ya tashi yana ganin ana rufe masa ƙofa, ranar da wani mugu ya buɗe masa tasa, shiga zai yi.

Abin da yake hannunmu

A makarantarmu abin da muka yi ba shi da yawa, kuma bai ci wani kuɗin kirki ba. Mun cire sharaɗin adireshi, muka ce ya wadatar wani ɗan unguwa ya sa hannu a matsayin mai tsaya wa yaro. Mun ajiye akwatin tsofaffin hijabai da riguna da littattafan da ɗalibai suka gama da su. Mafi amfani duka, matan ajin matan aure suka ɗauki nauyin cewa duk baƙuwar da ta zo layinsu da ƙananan yara, mace ɗaya za ta zama 'yar uwarta: ta raka ta awon ciki da riga-kafi, ta karanta mata katin, ta nemo mai jin yarenta, in ta haihu ta tsaya mata a kan ruwan wanka da kunun kanwa da hidimar suna. Yayyen yaron nan da ya rasu yanzu suna cikin ɗalibanmu, babbar ta shiga izu na biyar.

Ku kuma matasa, Allah Ya ba ku abin da iyayenku ba su samu ba. Kun iya cike takarda, kun iya bincike a waya. Ku sani rajistar haihuwar jariri a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kyauta ce, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi da Hukumar Hisba tun 2003, amma wanda bai san ƙofa ba, ba zai ƙwanƙwasa ba, sai an raka shi. Kowannenku ya zaɓi gida ɗaya. Ya fara da sallama, ya tambayi sunan yaran, ya kai maigidan wurin mai unguwa da limami su san juna. Zumunta a ƙafa take. Sannan ina roƙonku don Allah, ku bar ɗaukar hoton 'ya'yan mutane kuna watsawa a Facebook da sunan neman taimako. Uwar da ta baro gidanta da gonarta, mutuncinta ne kaɗai ya rage mata, kada mu karɓe shi a bakin mudun shinkafa.

Ina kuma kira ga 'yan uwana malaman Islamiyya. Babu wata hukuma a Kano da take da ƙofa a kowane lungu kamar yadda muke da ita. Muna karantar da babin zakka da babin haƙƙin maƙwabci kowace shekara. Ya kamata yaron da yake tsaye a bakin taga ya zama shi ne farkon wanda zai ci amfanin wannan karatu.

Allah Ya mayar da duk wanda aka raba da gidansa gida lafiya, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanta zaman lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne mafi sani.